Kokawa da Dambe a Ƙasashen Duniya

Duk inda 'yan Adam su ke zaune a bayan ƙasa, ba a rasa samari masu son gwada ƙarfi. In kaka ta yi a ƙasar Hausa, an kai amfanin gona gida, sai ka ji kalangu na tashi a dandali, 'yan dambe da 'yan kokawa sun fito, gari ya taru. To, kada ka yi tsammani mu kaɗai mu ke da wannan al'ada. Mutanen Japan suna da tasu, Turkawa suna da tasu, haka Turawan Ingila, da mutanen Koriya, da sauran al'ummai masu yawa. Sai dai in ka ga wasan wata ƙasa karon fari, mai yiwuwa ne ya ba ka dariya. Ka ce, "Me ya sa waɗannan suka tara ƙiba haka? Me ya sa wancan ya saki hannuwansa, yana ta harbin iska da ƙafa?"

Amsar tambayoyin nan tana wuri guda, watau cikin ƙa'idar wasan. Kowane wasa yana da abin da aka ce in mutum ya yi shi ya ci, da abin da aka ce in ya yi shi ya yi laifi. Waɗannan biyu su ke koya wa ɗan wasa yadda zai tsaya, da yadda zai kai hari, har da irin abincin da zai ci. In ka gane wannan, ba wasan da zai zama maka baƙo. Bari mu fara daga gida, sa'an nan mu zaga duniya.

TSAYUWAR ƊAN DAMBE DA TA ƊAN KOKAWA

Ka tuna yadda ɗan dambe ya ke tsayawa a fage. Ya kan ba abokin karawarsa gefe, ya miƙa hannu ɗaya gaba a buɗe, shi ne garkuwarsa. Ɗaya hannun kuwa, wanda aka naɗe da ƙyalle aka ɗaure tam da zare, ya ja shi baya kamar mai shirin jifa da mashi. Ya kan daɗe yana auna mutum bai kai duka ba. Don me? Don hannu ɗaya ne makaminsa, kuma bugu ɗaya da ya kai mutum ƙasa shi a ke kira kisa, ko da ya ke ba rai aka ɗauka ba. Wanda ya yi gaggawa ya zubar da hannunsa a banza, ya buɗe wa abokin karawa ƙofa.

Ɗan kokawa kuwa tsayuwarsa dabam ce. Ya kan sunkuya, ya ware ƙafafu ya ja su baya, hannuwa biyu na gaba suna lalube. Shi ba ya tsoron naushi, gama an hana shi a wasansa. Abin da ya ke tsoro shi ne a kama masa ƙafa ko a taɗe shi, don faɗuwa ita ce hasara. A Nijar, inda a ke gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, wanda ba a kayar ba har ƙarshe shi a ke miƙa wa takobi.

Ka ga mutum biyu, ƙasarsu ɗaya, watakila ma uwa ɗaya uba ɗaya, amma tsayuwarsu ta bambanta domin ƙa'idarsu ta bambanta. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wasannin duniya kuwa, kome yawansu, iri biyu ne manya: akwai na kamawa da kayarwa, akwai na duka, ko da hannu ko da ƙafa. Mu ɗauki na kamawa tukuna.

SUMO, KOKAWAR ƘATTAN JAPAN

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabas da ƙasar Sin. Tsohuwar kokawarsu sunanta sumo. A kan gina dakali na yumɓu, a yi da'ira a bisansa da ƙananan dammunan karan shinkafa, faɗinta ƙafa 15. Ƙa'idar gajeriya ce. Wanda ya fara fita daga da'irar an kayar da shi. Wanda wani sashen jikinsa, ban da tafin ƙafa, ya fara taɓa ƙasa, ko da yatsa ne, shi ma an kayar da shi. An yarda da mari da turi da taɗiya, an hana naushi da jan gashi. Ba abin da ɗan wasa ke sawa sai wani bante mai kauri da aka naɗa a ƙugu, shi ne kuma abin kamawa.

To, duba abin da ƙa'idan nan ta haifar. Fage ƙanƙane ne, ba wurin gudu. A wasan manya kuma ba a raba mutane bisa ga nauyi, ƙarami da babba duk fage ɗaya su ke shiga. Mai nauyi ya fi wuyar turewa, in kuwa shi ya yi turi sai an yi da gaske kafin a tare shi. Wannan ya sa 'yan sumo su ke neman ƙiba da gangan. Su kan tashi da asuba su yi horo da yunwa, sa'an nan su ci shinkafa mai yawa da romon nama ko kifi da ganye, su kwanta barci. Da yawansu sun haura kilo 150. Amma kada tumbin ya ruɗe ka, ƙarƙashin kitsen nan akwai tsoka.

Kafin a kara, a wasan manya, kowannensu ya kan watsa gishiri a fage don tsarkake shi, bisa ga addininsu na gargajiya. Sai su tsuguna suna duban juna, su zabura gaba ɗaya su haɗu da ƙarfi. Sau da yawa kafin ka ƙirga goma an gama. A shekara ana babbar gasa sau shida, kowace kwana 15. Wanda ya fi kowa cin gasan nan shi ne Hakuho, ya ci sau 45 kafin ya bar wasa a 2021. Shi kuwa ba haifaffen Japan ba ne, daga Mongoliya ya zo, ƙasar da ita ma ta shahara da kokawa.

KOKAWAR MAI A TURKIYYA

Daga Japan mu yi yamma mu zo Turkiyya. A garin Edirne, kusa da iyakar Girka, kowace shekara lokacin zafi a kan yi wani taron kokawa mai suna Kirkpinar, wanda Turkawa ke ƙirga shekarunsa tun daga wajen 1361. A filin ciyawa a ke yinsa, da ganguna da wani abin busa mai kama da algaita. 'Yan wasa su kan sa wando na fata mai kauri, daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa, sa'an nan su kwarara wa jikinsu man zaitun tun daga kai har ƙafa.

Ka taɓa kama tarwaɗa da hannu? Haka kama mutumin da ya sha mai ya ke. Hannu ba ya zama a wuya, ba ya zama a dantse. Saboda haka duk dabarar wasan ta koma kan wandon. Ɗan wasa ya kan kama bakinsa a ƙugu ko a gwiwa, ko ya cusa hannu cikinsa don ya sami mariƙin da zai juya mutum. Ana cin wasa in an birkice mutum cikinsa ya dubi sama, ko in an ɗaga shi cak an yi taki uku da shi. Da ya ke kamun yana da wuya, wasan ya kan yi tsawo, mai dogon numfashi shi ke kai labari. Gwarzon shekara a kan ba shi ɗamarar zinariya, in ya ci shekara uku a jere ta zama tasa. Ka ga a Japan ƙanƙantar fage ta sa aka nemi nauyi, a nan santsin mai ya sa aka nemi jimiri.

JUDO DA MALAMIN DA YA TSARA SHI

Mu sake komawa Japan, gama suna da wata kokawa ta biyu wadda ta game duniya. A zamanin da, mayaƙansu, waɗanda a ke kira samurai, suna da dabarun faɗa da hannu, don ranar da takobi ya karye ko ya faɗi. Sunan dabarun nan jujutsu. Cikinsu akwai kayarwa, da karya gaɓa, da shaƙe wuya, da duka a wuraren da ke kisa. Sa'ad da mulkin ƙasar ya sake, aka hana yawo da takobi a 1876, sai aka fara duban jujutsu kamar tsohon yayi.

A lokacin nan akwai wani saurayi ɗan makaranta, sunansa Jigoro Kano. Sunan danginsu ke nan, ba abin da ya haɗa shi da birnin Kano namu. An haife shi a 1860. Ɗan ƙarami ne, nauyinsa a ƙuruciya wajen kilo 41, yara suna cin zalinsa a makaranta. Sai ya nemi tsofaffin malaman jujutsu ya yi karatu wurinsu. Da ya ƙware, ya lura da wani aibi. Dabarar da ke makantar da mutum ko ta karya masa wuya, ba yadda za a yi ka gwada ta da gaske a kan abokin karatunka. Sai dai ku yi kwaikwayo, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. Abin da ba a gwada da gaske ba kuwa, ranar bukata ba ya zuwa hannu.

Sai ya ware dabaru masu hatsari ya ajiye su gefe, ya bar waɗanda mutum biyu za su iya yi da iyakar ƙarfinsu, su tashi lafiya, gobe su sake. A 1882, bai cika shekara 22 ba, ya buɗe makarantarsa a wani ɗaki na gidan ibada a birnin Tokiyo, mai shimfiɗar tabarma 12, da almajirai tara. Ya sa wa makarantar suna Kodokan, wasan kuwa judo, watau hanyar laushi.

Ga asirin judo. Mutum a tsaye kamar tukunya ce a kan murhu. Muddin nauyinsa na tsakanin ƙafafunsa, ya zauna daram. In aka ja shi ko aka tura shi har nauyin ya koma kan yatsu, ko kan diddige, ko kan ƙafa ɗaya, a wannan ɗan lokaci ƙarfinsa ba ya amfaninsa. Saboda haka kayarwa mataki uku ce. Da fari ka gusar da shi daga daidai. Na biyu ka shigar da jikinka inda ya kamata, ko ƙugu ko kafaɗa ko ƙafa. Na uku ka jefa shi. In ƙato ya turo ka, kada ka tsaya ka tare shi, gama ya fi ka ƙarfi. Ja shi za ka yi wajen da ya nufa, ka juya ka sa masa ƙugu, nauyinsa da gudunsa su kayar da shi. 'Yan judo suna sa riga mai kauri ta auduga da ɗamara. Rigan nan ita ce mariƙi, shi ya sa su ke tsayawa a miƙe, kowa na neman kama wuyan rigar ɗan'uwansa da hannunta.

Amma abin da a ke fara koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa. A koya masa ya sunkuyar da haɓa don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya mirgina, ya bugi shimfiɗa da hannu a miƙe don ya rage zafin faɗuwar. Sai ya iya wannan za a koya masa kayar da wani. A gasa, in ka jefa mutum ya faɗi da baya sosai, ka ci nan take. Haka in ka danne shi a ƙasa har daƙiƙa 20, ko ka shaƙe shi, ko ka lanƙwasa masa gwiwar hannu har ya sallama. Alamar sallamawa ita ce ya bubbuga shimfiɗa ko jikinka da hannu. Da ya yi haka, wajibi ne ka sake shi nan da nan.

Kano ya mutu a 1938 cikin jirgin ruwa, yana komowa gida daga wani taro da aka yi a Alƙahira. A 1964, a Tokiyo, judo ya shiga wasannin Olamfik, watau babban taron wasanni na duniya da a ke yi kowace shekara huɗu. Aka raba 'yan wasa aji uku bisa ga nauyi, da aji na huɗu wanda kowa ke iya shiga. Japan ta ci ukun farko. A na huɗu sai wani Bature ɗan ƙasar Holan, Anton Geesink, mai tsawon ƙafa shida da rabi, ya danne gwarzon Japan, Akio Kaminaga, ya kasa tashi. Mutanensa suka zabura za su hau shimfiɗa don murna, ya ɗaga hannu ya hana su, don girmama fage da wanda ya kayar. Hausawa sun ce dabara ta fi ƙarfi, gaskiya ne kuwa in mai ƙarfin ba shi da dabara. In dabara ta zo ɗaya, babba ya kan rinjaya. Dalilin da ya sa a ke auna 'yan wasa kafin a haɗa su ke nan.

DAMBEN INGILA

Yanzu mu zo ga wasannin duka. Damben da a ke yi da safar hannu ko'ina a duniya yau, a Ingila aka tsara shi. Shekaru ɗari uku da suka wuce, da hannu tsirara a ke yinsa, ana haɗawa da kokawa, ba iyakar lokaci, sai wani ya kasa tashi. Mutane suna caca a kai, 'yan wasa suna naƙasa. A 1743 wani gwarzon ɗan dambe na Landan, Jack Broughton, ya rubuta dokoki bakwai. Cikinsu ya hana dukan wanda ya faɗi, ya hana kama mutum ƙasa da ƙugu, ya ba wanda ya faɗi rabin minti ya tashi ya komo tsakiyar fage.

A 1867 aka buga sababbin dokoki waɗanda a ke kira da sunan wani basarake, Queensberry, ko da ya ke wani mutum ne dabam, John Graham Chambers, ya rubuta su. Su ne tushen na yau. Aka wajabta safar hannu, aka hana kokawa, aka yanka wasa turmi-turmi, kowane turmi minti uku da hutun minti ɗaya, wanda ya faɗi kuma a ƙirga masa goma. Da ya ke hannu biyu duka makamai ne, ba a shuri, ba a kama ƙafa, ɗan damben Ingila ya kan ɗaga hannuwansa kusa da fuska, ya ɓoye haɓa, bai damu da tsare ƙafafunsa ba. A wasan nan ne Nijeriya ta sami lambarta ta fari a Olamfik, ta hannun Nojim Maiyegun a 1964. Nijar ma haka, ta hannun Issaka Dabore a 1972. Duka biyu na tagulla ne.

Ga abin da ya kamata kowane saurayi ya sani. Safar nan hannun mai duka ta ke tsarewa, fiye da yadda ta ke tsare kan wanda a ke duka. Ƙwaƙwalwa abu ne mai laushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. In aka bugi haɓa, kai ya juya da sauri, sai ta girgiza, shi ne mutum ke suma. Wani lokaci jijiya ta tsinke, jini ya taru a ciki, mutum ya tashi kamar lafiya, sai daga baya ya faɗi. A 1982, a birnin Las Vegas na Amurka, wani ɗan Koriya, Kim Duk-koo, ya kai turmi na 14 yana dambe da Ray Mancini. Aka kayar da shi, aka tsai da wasa, jim kaɗan ya suma, bai farfaɗo ba har ya mutu bayan 'yan kwanaki. Bayan wannan aka rage wasan neman kambin duniya daga turmi 15 zuwa 12.

DAMBEN TAILAN

A ƙasar Tailan, kudu da Sin, akwai damben da zai tuna maka da namu. Suna kiransa muwai tai. A da su ma igiya su ke naɗawa a hannu, sai wajen 1930 suka koma safar Turawa. Da kiɗa a ke yinsa, da ganguna da abin busa mai muryar algaita, in wasa ya yi zafi kiɗa ya ƙara sauri. Kafin a fara, kowane ɗan wasa ya kan zaga fage yana wata rawa a hankali, don girmama malaminsa. An yarda a yi duka da wuri takwas: dunƙulen hannu biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, da ƙwauri biyu. An kuma yarda ka rungumo wuyan mutum ka jawo shi, ka tarye shi da gwiwa. Saboda haka ɗan wasansu ba ya duƙawa ƙasa kamar na Ingila, don kada ya gamu da gwiwa. A miƙe ya ke tsayawa, ƙafar gaba ba nauyi a kanta, a shirye ta ke ta ɗaga ta tare shuri.

KARETI DA TAIKWANDO

Kareti ya fito daga Okinawa, wani tsibiri a kudancin Japan, wanda mutanensa suka daɗe suna ciniki da Sin, suka koyo dabarun faɗa daga can suka haɗa da nasu. Wani malamin makaranta, Gichin Funakoshi, ya kai shi Tokiyo a 1922. Jigoro Kano ya karɓe shi hannu biyu, daga judo ne kuma 'yan kareti suka ari farar riga da ɗamara mai nuna matsayi. Ma'anar sunan, yadda a ke rubuta shi yanzu, hannu wofi, watau ba makami. A irin gasar da aka fi yi, ana so ka kai naushi ko shuri daidai inda ka nufa, da sauri, amma ka riƙe ƙarfinka kada ka ji wa mutum ciwo.

Ga yadda dokan nan ta yi aiki a Olamfik na Tokiyo cikin 2021. A wasan ƙarshe na masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1, sai ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ya faɗi sumamme, aka fitar da shi ranga-ranga. Da a fagen dambenmu ne, da makaɗa sun ɗauki kirarin Hamedi. A nan kuwa alƙalai suka ce ya wuce iyaka. Wanda ya suma shi aka ba zinariya, wanda ya buge shi ya tashi da azurfa.

Taikwando na Koriya ne, an sa masa wannan suna a 1955, ya zama cikakken wasan Olamfik a 2000. Shi ne wasan mutumin nan mai harbin iska da ƙafa. An hana naushi a fuska. A gasar 2024, naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shuri a ƙirji biyu, shuri a kai uku, in kuwa mutum ya juya kafin ya yi shurin a ƙara masa biyu. To, wa zai dogara ga hannu? 'Yan wasa suna sa sulke a ƙirji da kwalkwali a kai, masu na'urar lantarki da ke ƙirga bugu. Mai dogayen ƙafafu ya fi samun sa'a. Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda dogo ne ƙwarai, ya ci lambar azurfa a Birazil a 2016, a 2017 kuma ya zama gwarzon duniya a Koriya.

WANNE YA FI?

Samari su kan yi gardama a kan wannan har dare ya raba. An kuwa gwada. A 1993, a birnin Denver na Amurka, aka tara gwanayen wasanni dabam-dabam, da ɗan dambe, da ɗan sumo, da ɗan kareti, da sauransu, aka haɗa su ba auna nauyi, dokoki 'yan kaɗan. Wanda ya ci shi ne Royce Gracie na Birazil, mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka. Danginsa sun koyi kokawa daga wani almajirin Kodokan, Mitsuyo Maeda, wanda ya je Birazil a 1914, suka ƙware a kan abin da a ke yi bayan an faɗi ƙasa. Cikin dare ɗaya ya kai mutum uku ƙasa, duk sun fi shi nauyi, kowanne ya sallama.

Amma nasarar ba ta tabbata ga wasa ɗaya ba. Masu duka suka koyi kokawa, masu kokawa suka koyi duka. Hukuma kuma ta sa baki. Kafin shekara goma ta cika, wasan nan da aka fara kusan ba doka ya sami safar hannu, da auna nauyi, da jerin abubuwan da aka hana. Kowane gwani ya fi a fagensa. In ka sa ɗan taikwando cikin da'irar sumo, turi ɗaya ya isa. In ka ce ɗan sumo ya yi turmi 12, numfashi zai gagare shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ɗanka ko ƙanenka ya ce yana son ɗayan wasannin nan, kada ka hana shi, gama suna gina jiki, suna koya haƙuri. Amma ka je da kanka ka ga wurin. Ka duba ko akwai malami, ko ana haɗa yaro da sa'ansa a nauyi, ko ana koya faɗuwa da tsare kai kafin a koya duka, ko ana sakin wanda ya sallama. Abin da ya gani a majigi, inda mutum ɗaya ke watsa ashirin, shiri ne aka yi, aka maimaita sau da yawa kafin a ɗauki hoto, kada ya gwada shi a kan ɗan maƙwabci. In kuwa an buge shi a kai har ya suma, ko ya yi amai, ko ya rikice, ko ciwon kai ya ƙi sauka, to, wasa ya ƙare a ran nan. A kai shi asibiti, kada kuma a bar shi ya koma fage sai likita ya yarda, ko da makaɗa suna kiran sunansa.